Cindo Mai Rijiya a Birnin Kwaɗi

A Tungar Marke, wani ƙauye mai jar ƙasa a bakin daji, rijiya ɗaya ce tak, zurfinta gaba arba'in. A ƙasan wannan rijiya akwai ƙofa. Shekara saba'in ana jan ruwa a kanta ba wanda ya sani, sai shekarar da rijiyar ta ƙafe.

Mai kula da ita Cindo ne, wanda ya ci sunansa don an haife shi da yatsa shida a hannun dama. Kakansa ya haƙa rijiyar, ubansa ya yi ta yasarta har ya rasu, shi kuma ya gada. Gwani ne na gaske. In ya ɗanɗana ƙasa a harshe, zai gaya maka gaba nawa za a sauka kafin a tarar da ruwa, kuma haka za a samu. Har garuruwan nesa ake kiransa aiki.

Amma fa Cindo na da rowar ruwa. Ba wai ya hana ka sha ba, a'a, sha har ka gode Allah. Zubarwa ce ba ya iya gani. Da tulun wata mata ya ɗan fantsala, sai ka ji shi: "Ke baiwar Allah! Kin san wuyar da aka sha kafin a samo wannan?" Matan gari suka laƙaba masa Kar-ya-ɗiga, a bayan idonsa.

Yana da wata ɗabi'a kuma da yake ganin lada ce. Duk inda ya je aiki, kudu ko arewa, in ya tarar da kwaɗo a rami ko a rijiya ba ya kashewa. Sai ya jefa a burgamensa, jakar fatar da yake ratayawa, ya kawo kududdufin bayan gari ya juye. In an tambaye shi ya ce, "Kwaɗo ai kwaɗo ne, ruwa kuma ruwa ne."

Shekara guda kafin rijiyar ta ƙafe ya sayo siminti ya shafe bakin rijiya tsaf, don kada ƙasa ta ƙara shan ko ɗigo. Da ragowar ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, Inna Marka, wadda idonta ya daɗe da rufewa. A gindin randarta akwai wani tsohon kwaɗo, don ita in ta sha ruwa ragowar moɗa nan take tuntsurarwa. Cindo yana cikin shafe wurin kwaɗon ya fito, ya kama shi ta ƙafa ya sa a burgame.

Da yamma Inna ta lalubi gindin randa, ta ji tauri. Da yake ɗan farinta ne ba ta kama sunansa, sai ta ce, "Kai wannan, ina maƙwabcina?"

"Na kai shi inda ruwa ya fi yawa, Inna."

Ta janye hannunta daga gindin randar. Shi kuwa ya fita yana jin ya kyauta wa kowa.

Da bazara ta tsananta, guga ya fara dawowa da taɓo, daga baya ya dawo wayam. Mai Unguwa Barmo ya tara mutane ya ce a ɗaure kaya, za a bar garin. Inna Marka ta ce ita ba inda za ta, nan kabarin mijinta yake, kuma randarta da saura rabi. Cindo ya san in randar nan ta ƙare, uwarsa ta ƙare. Da sassafe ya ɗauki daginsa, ya ɗaura igiya, ya sauka.

A ƙasa ya tarar da ƙofa ta baƙin dutse. Yana taɓa ta da dagi ta buɗe, ya zurma.

Ya faɗo a tsakiyar wani birni wanda samansa ruwa ne, yana tsaye ba ya zubowa, haske na ratsowa ta cikinsa kore shar. Ko'ina kwaɗi ne, amma ba irin waɗanda ya sani kaɗai ba. Ga masu launin ganye, ga masu jan ratsi kamar an yi musu zane da lalle, ga faffaɗa masu baƙaƙen farata da ba sa fita ruwa, ga ƙanana da za su zauna a kan farce su bar wuri. Wasu na liƙe a bango, wasu sun leƙo da ido kawai daga yashi. Cindo ya saki baki. Shekara talatin yana ɗaukar halittun nan a hannu, ashe bai taɓa duban ko ɗaya ba.

Aka kai shi gaban Magajiyar Kwaɗi. Girmanta ya kai rumbu, idanunta kamar tagulla, tana zaune a kan ganyen bado.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam mai yatsa shida, jikan wanda ya nemi izini kafin ya haƙa, ka san abin da ya kawo ka?"

Cindo ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, rijiyarmu ce ta ƙafe. Ni kuwa ban taɓa kashe ko ɗaya daga cikin jama'arki ba. Taimakonsu ma nake yi."

Fadar ta ɗauki guna-guni. Magajiya ta ɗaga ƙafa, aka yi tsit.

"Taimakon naka ne ya ishe mu. Ka sani, kowane ruwa a duniya yana da muryar da yake amsawa. Na fadama da tasa, na rairayi da tasa, na rijiya da tasa. Kai kuwa ka bi ƙasa kana raba ruwa da muryarsa, kana juye mu a kududdufi ɗaya kamar hatsin gauraye. Da yawa sun mutu a can saboda baƙunta. Uku suka rage. Ka mai da kowa gidansa. Ba za su yi maka magana ba, ba kuma mai nuna maka hanya. Ka karanta su yadda kake karanta ƙasa."

Ta miƙa masa wata 'yar gora. "Abin da ka gani a cikin nan, shi ya rage a randar mahaifiyarka. Ba ya shawuwa, kallo ne naka. In aka shanye moɗar ƙarshe ba ka gama ba, rijiyar ta mutu har abada."

Aka kawo masa ukun a ƙwarya, aka kuma kira Burduddugi, wani jibgegen kwaɗo mai launin ɗanyen kuka, wanda tsallensa ɗaya tafiyar wata ce. Burduddugi ya ce, "Hau. Inda ka ambata nan zan sauke ka. Ni ba na ba da shawara."

Cindo ya duba na farko. Ɗan mitsitsi ne, kore, da ratsin rawaya. Kan kowane yatsansa a faɗaɗe yake, yana manne wa fata. Kafin Cindo ya ankara kwaɗon ya haye sandar dagi har ƙarshe, ya zauna.

"Wannan mahayi ne," in ji Cindo, "kuma abin da yake hawa santsi gare shi. Kai ni inda kara ke tsirowa a cikin ruwa."

Tsalle ɗaya suka dira a ƙasar kacala, doguwar ciyawar nan ta fadama, inda kowane kara ya kai tsawon giginya. A jikin busassun karan akwai dubban 'yan'uwan ɗan koren, amma duk sun rikiɗa sun koma farare fat kamar alli, sun naɗe ƙafafu, suna zaune a tsakiyar rana suna jiran damina. Cindo na cikin mamakin wannan haƙuri sai inuwa ta rufe shi. Wani aljani ne a siffar zalɓe, ƙafafunsa sun fi karan tsawo.

"Ya kai baƙo, ba a ratsa fadamata hannu rabbana. Uku ne a ƙwaryarka. Ba ni ɗaya, ka wuce da biyu."

"Amana ce, ranka ya daɗe, ba nawa ba ne."

"To ba ni abin da yake naka, mai jini a cikinsa."

Cindo ya dubi hannunsa. Wannan ɗan ƙarin yatsa shi ne sunansa, da shi aka san shi tun yana goye. Ya runtse ido ya miƙa. Ƙyas! Zalɓe ya tsinke shi ya tashi. Cindo ya ɗaure wurin da bakin rigarsa, hawaye na zuba, ya ɗora ɗan koren a jikin kara. Kwaɗon ya yi wani kuka siriri kamar an buga ƙarfe, sai ruwa ya ɓulɓulo daga gindin karan, fararen nan suka fara komawa kore ɗaya bayan ɗaya.

Ganin wurin ya yi kyau, Cindo ya fito da na uku, wani tsohon kwaɗo mai kaushin baya, ya ce, "Malam, ko kai ma nan ne?" Kwaɗon ya dube shi, ya juya masa baya. Gora ta nuna saura moɗa bakwai.

Na biyu kuwa dunƙule yake kamar curin fura, gajerun ƙafafu, ba ya iya wani tsallen kirki. A dugadugansa akwai wani baƙin abu mai tauri da kaifi, sak bakin fartanya. Da Cindo ya aje shi a ƙasa, sai ya fara tona da baya-baya yana nutsewa.

Cindo ya yi dariya duk da zafin hannunsa. "Ashe abokin sana'a ne!" Ya kankaro ƙasar da ta maƙale a fartanyar ya ɗanɗana. Yashi ne mai laushi, da ɗan gardin kanwa. "Arewa. Inda ruwan sama ke zuwa sau biyu ya yi sallama."

Suka dira a tsakiyar rairayi, rana ta take. Kwaruruka bakwai ne a gabansu, duk busassu, duk iri ɗaya. Sai ga guguwa ta taso, a cikinta wata aljana doguwa mai gashi har ƙasa.

"Ya kai mai ɗanɗana ƙasa, labarinka ya iso mu. Ɗaya cikin bakwai ɗin nan ke da laima a ƙarƙashi. Zan kewaya sau uku. In na dawo na uku ba ka samo ba, in binne ka da kai da ƙwaryarka."

Cindo ya zuba da gudu. Ya ɗanɗana na farko, gishiri. Na biyu, toka. Guguwa ta wuce sau ɗaya ta tsige masa hula. Na uku da na huɗu ba su da ɗanɗanon komai. Ta wuce na biyu, yashi ya kai masa gwiwa. A na biyar harshensa ya bushe har ba ya jin komai, sai ya kwanta ya kafa hanci a ƙasa, yadda ubansa ke yi in abu ya cije. Can ƙasa-ƙasa ya jiyo ƙanshin nan na ranar ruwan farko. Ya kafa dagi. Kamu uku ya sauka ya tarar da su, ɗaruruwa, kowa ya naɗe kansa cikin tsohuwar fatarsa yana barci, da ɗan ruwansa a ciki wanda zai kai shi baɗi. Ya aje nasa a tsakaninsu.

Guguwa ta tsaya cak a kansa. Ta ce, "An faɗi gaskiya a kanka," ta mayar masa da hularsa.

Tsohon kwaɗo nan ma bai ko leƙo daga ƙwarya ba. Saura moɗa huɗu.

Suna cikin iska sai Burduddugi ya sauka a wata fadama ba tare da an ambata masa ba. Cindo ya ce, "Lafiya? Ba nan na ce ba!"

"Nan gidana ne. Dubi can."

Wani ɗan kwari ne ruwansa ya kusa ƙafewa, cike da 'ya'yan kwaɗi masu jela, baƙi ƙirin, suna mutsu-mutsu a taɓo. Babban tafki na can taku ashirin. Burduddugi ya juya baya ya fara tona hanya da dugadugansa. "'Ya'yana ne. A wurinmu uba ke tsaron su. Ka jira, ko ka tafi da ƙafa."

Cindo ya dubi gora, zuciyarsa ta yi zafi. Kamar ya yi faɗa, sai ya ga yadda ƙasar ke da tauri, ga dugadugan Burduddugi sun fara jini. Mai haƙa ba ya iya tsayawa kallon ana haƙa ba daidai ba. Ya ce, "Matsa. Ta nan gangaren yake, ba ta can ba." Suka haƙa tare har la'asar, ruwan tafki ya kwararo, 'ya'yan suka bi shi suka fice. Burduddugi bai yi godiya ba, amma da Cindo zai hau sai ya ga ya rusuna masa. Saura moɗa biyu.

Yanzu sai tsohon kwaɗo. Cindo ya yi tunani ya ce, "Wannan ya ƙi fadama, ya ƙi rairayi. Babban mutum ne, sai babban ruwa. Kai ni ruwan da ya fi kowane kyau a duniya."

Suka dira can kudu, cikin kurmin da rana ba ta taɓa ƙasa, inda kogi ke faɗowa daga kan dutse fari tas, ƙararsa ta cika duniya. A kan wani falalen dutse ga wani kwaɗo zaune, ya kai girman ɗan akuya. Cindo ya ga ya sauka ya sa ƙafa yana ture duwatsu, yana jera su, yana gina wa ƙwansa ɗan tafki a gefen kogi. Ya yi masa sallama, bai amsa ba.

Burduddugi ya ce, "Wannan zuriyar ba su da kuka. Ruwan ne ke yi musu magana. Kuma duk duniya nan kaɗai suke."

Cindo ya ce lalle an zo. Ya ɗauki tsohon kwaɗo ya aje shi a bakin ruwa. Nan take igiyar ruwa ta fizge shi, ya yi ta juyi ciki sama, yana wutsil-wutsil. Cindo ya yi ihu. Ƙaton nan mai ginin tafki ya yi tsalle ɗaya ya tare shi, ya turo shi kan tudu, sannan ya dubi Cindo. Kallon da ya yi masa ya fi zagi.

Cindo ya zauna daɓas. Ya duba gora, saura moɗa ɗaya. Ya ga fuskar Inna a ransa, tana lalube a ɗaki ita kaɗai, sai kuka ya ƙwace masa. Ya ɗauki kwaɗon a tafin hannu don ya goge masa jiki, kuma a lokacin ne ya dube shi da kyau karo na farko.

Fatarsa busasshiya ce, mai ƙuraje, ba ta mai zama cikin ruwa ba. Tsakanin yatsunsa ba wata fatar iyo ta a zo a gani. Ba shi da abin hawa, ba shi da fartanya. A ƙasan cikinsa akwai jan yumɓu da ɗan baƙin hayaƙi. A bayansa kuma, tsakanin ƙuraje biyu, wani ɗan farin abu ya daskare wanda ko kogin bai wanke ba. Cindo ya kankare shi ya sa a harshe.

Siminti ne. Har yawan yashin da ke ciki ya gane, don shi ya kwaɓa.

"Wayyo ni! Gida, Burduddugi! Gidanmu!"

Ya dira a Tungar Marke rana na shirin faɗuwa. An labta wa jakuna kaya, mata na ɗauke da ƙullin tsummoki. Mai Unguwa Barmo ya ce, "Cindo, kwana shida! Mun ɗauka rijiya ta cinye ka." Bai tsaya ba. Ya faɗa ɗakin Inna, ya same ta zaune ta karkata randa ta tatse ta, moɗa na hannunta ta nufi baki.

"Inna, dakata!"

Ya janye randar, ya ɗaga dagi, ya sauke a kan simintin nan da ya yi ta nuna wa baƙi. Ya farfasa shi ya watsar, ya mai da randa mazauninta, ya aje kwaɗon a gindi. Kwaɗon ya kewaya, ya sami wurinsa na da, ya zauna. Amma ƙasar ta bushe ƙamas, shekara guda ba ta ga ruwa ba. Maƙogwaron kwaɗon ya motsa, ba abin da ya fito.

Sai Cindo ya gane sauran. Gidan wannan bawan Allah ba tafki ba ne, ba kogi ba. Ruwan da mutane ke zubarwa ne, wanda shi ya yi shekara talatin yana yaƙi da shi. Ya dubi moɗa, ya dubi leɓen uwarsa da ya tsattsage.

Inna ta ce, "Kai wannan, ka dawo da shi?"

"Na dawo da shi, Inna."

"To me kake jira?" Ta miƙo moɗar. "Kai za ka zuba."

"Inna, shi ke nan fa. Babu wani ruwa a garin nan. In bai yi ba..."

"Na sha nawa shekara tamanin. Zuba masa."

Cindo ya karɓa da hannunsa mai ciwo. Ya karkata moɗar, yana kallo ƙasa na shanye ruwan ƙarshe na Tungar Marke, har ɗigon ƙarshe. Kwaɗon ya manna cikinsa a laimar, ya lumshe ido, ya daɗe. Sannan wuyansa ya kumbura, ya saki kukan nan nasa mai gurgura, wanda ba wanda ya taɓa cewa yana da daɗi.

Daga tsakiyar gari wani abu ya amsa, can ƙasa, kamar ana juye tulu a rami. Sai guɗa ta tashi, sai ihun yara, sai muryar Mai Unguwa yana cewa a sauke kaya.

Gugan farko Cindo da kansa ya ja, ya kawo a guje, yana fantsala a hanya bai ko waiwaya ba. Ya cika moɗa ya ba Inna. Ta sha a hankali, ta yi hamdala, ta rage kamar rabi. Sannan ta laluba gefen randa ta tuntsurar da sauran, yadda ta saba.

Bakin Cindo ya buɗe da kansa, don sabo. Ya rufe shi, ya sake cika mata moɗar.